Sunan 'Yar Fari

Ranar Talata ni da Inna muka je ofishin Hukumar Shaƙuwa, saboda awarwaron na'ura mai auna shaƙuwa da suka ɗaura mini ya yi sati uku yana nuna ja. In ya cika wata, gidan horonsu za su kai ni, wai a gyara mini tarbiyya.

Ma'aikaciyar ko sallamarmu ba ta amsa ba.

"Hajiya, na'ura ta ce ba ki taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Shi ya sa take dambe a makaranta."

"'Yar fari ce," in ji Inna, kanta a ƙasa.

"Babu wannan a fom."

To ina zai kasance? Na'urar banza, wadda ba ta san mai ɓoye mini tsoka a ƙasan miya ba, balle mai tsayuwa a zaure har in dawo daga islamiyya. Damben ma, wata ce ta zagi Inna.

"Ki kira ta, mu sallame ku."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi bango.

"Barira," ta ce, da muryar da take gaida baƙi da ita.

Awarwaro ya koma kore. Matar ta buga hatimi tana hamma.

A hanya Inna ta yi nesa da ni, kamar wadda aka tuɓe a kasuwa. Yanzu kullum da safe sai ta kira sunana sau uku, idonta a kan hannuna, ba fuskata ba.