Karen da Ya Ƙi Bin Farar Hanya

Tunda ka ce ka karanta komai a kan ƙasar da za ka, ba ka bukatar kowa ya nuna maka hanya, bari in ba ka misali kafin shayin nan ya huce.

An yi wani malami, mutumin Agadas ne ko na Tawa, abin ya shige mini, wanda ya ɗaura niyyar ziyarar Fas a ƙasa, daga shi sai sanda da buta da ɗan tantin gashin akuya. Gwanin hanya ne. Sau biyu yana keta sahara, yana karanta sawun raƙuma kamar allo. Sai dai ya isa gindin manyan duwatsun Maroko a tsakiyar sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara ke rufe su fari fat, abin da bai taɓa gani ba sai a littafi. A ƙauyen ƙarshe ya sauka wurin wani tsohon makiyayi. Tsohon ya ce ya jira wata biyu, malam ya ce ya yi alwashin Maulidi a Fas zai same shi. Sai tsohon ya shafa gwiwoyinsa da suka daina hawan dutse, ya kira karensa, wani rusheshe mai gashi buzu-buzu da yagaggen kunne, ya ce, "Wannan ya fi ni sanin dutsen. Inda ya taka, ka taka." Malam ya tattare rigarsa kada ta gogi karen, ya ce, "Haba Baba, na baro gida don ziyarar bayin Allah, sai kare ya zama limamina?" Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ban ce ya ja ka salla ba, Malam. Hanya na ce."

Kwana biyu suna hawa, kare a gaba, malam can baya. Karen nan ba ya bin ko'ina sai doron tudu, inda iska ta share dusar ta bar duwatsu masu kaifi, har takalman malam suka fara yagewa. Rana ta uku da hantsi malam ya hango wani farin fili a ƙasa, shimfiɗe sumul, ya miƙe tsakanin tsaunuka biyu. To, kowane matafiyi a ƙasarmu ya sani, in rani ya yi rafi ya ƙafe, cikinsa ne hanya: rairayi mai laushi, ba ƙaya, ba tuntuɓe. Idon malam rafin rani ya gani, sai ya gangara. Kare ya sha gabansa yana haushi, har ya kama bakin rigarsa. Malam ya ɗirka masa sanda ya wuce. Bai yi taki ashirin ba ƙasa ta ɓurma da shi. Ashe rafin can ba ƙafewa yake yi ba, lulluɓi yake yi, ruwa na nan yana gudu a ƙarƙashi. Ya nutse har ƙugu, sanyi na yankarsa kamar wuƙar mahauci, duk gefen da ya dafa sai ya rufta. Yana cikin salati sai ga karen da ya daka yana tahowa a kan cikinsa, a hankali, ƙafafu a baje. Ya ciji jelar rawanin malam ya dinga ja da baya. Malam ya duba yadda karen ya kwanta, shi ma ya baje ƙirji ya kwanta haka, ya bi shi da jan ciki har suka kai ga dutse.

Ƙafafunsa kuwa sun mutu, ba ya jin su ko kaɗan. Karen ya ja shi zuwa wani garke mai katangar dutse da makiyaya ke bari in sanyi ya shigo. Nan ya kafa tantinsa da ƙyar, ya hura 'yar wuta da busasshen kashin tumaki, ya tuɓe takalma. Ƙafafu farare sol kamar ɓararren rogo. Ya san in suka kwana haka, ba Fas ba gida. Sai karen ya shigo ba sallama, ya kwanta a kansu da duk nauyinsa. Malam ya ɗaga hannu zai kore shi, don sabo, hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka a kan yagaggen kunnen nan. Da asuba zogi ya tashe shi, zogi kamar ana soka masa allurai, ya fashe da kukan murna, domin abin da ya mutu ba ya ciwo. Ya yi taimama da dutsen garken ya yi salla, ya fito da sauran kilishinsa ya raba biyu, ya miƙa wa karen babban kason.

Daga nan inda kare ya taka, nan malam ke takawa, sawu a kan sawu. Da suka kai ƙololuwa aka hango hayaƙin ƙauye a ɗaya gefen, karen ya tsaya, ya karkaɗe jiki, ya juya gida. Malam ya buɗe baki zai kira shi ya yi godiya, sai ya tuna bai taɓa tambayar sunansa ba.

Ya isa Fas ana gobe Maulidi, da ƙafafunsa biyu, ban da ɗan yatsa guda da dutsen ya karɓe. An ce har ya tsufa, in aka tambaye shi wurin wa da wa ya yi karatu, yakan lissafo malamansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Da wani mai yagaggen kunne. Ban san sunansa ba, amma shi ya koya mini tafiya."

To ka ji. Littafin da ka karanta ka riƙe shi, amma in ka sauka ka nemi wanda zai shige maka gaba, kome ƙasƙancinsa a idonka. Hausawa dai sun gama magana: da ɗan gari akan ci gari.