Littafin da Na Jefa a Murhu

Raini ne laifina. Shekarar da aka ba mu jihar Yobe, 'yata ta shiga ƙungiyar 'yan jarida ta sakandarensu. Da na gan ta tana rubuce-rubuce, na fizge littafinta na jefa a murhu.

"Gulma ce aka ba ta biro!" na ce.

Da damina mahaifiyata ta rasu. Ranar sadakar uku, dattawa suka tambaye ni asalinmu a Borno, na yi tsuru-tsuru.

'Yata ta durƙusa gefena. "Baba, duk Ya Kaka ta faɗa mini. Suna cikin littafin nan."

Da-na-sani ƙeya ce. Na ƙona shafi arba'in, sunayen kakanni bakwai, da garin da muka baro. Har yau ba na iya haɗa ido da ita.