Sunan Ikrima a Saman Allo

Ummussalma shekararta ashirin da tara, malama ce a wata Islamiyya a Zandam, kuma shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, Ikrima. Da la'asar Barau tela, mai neman aurenta, ya zo daga Gwaram jin amsarta. Ya same ta a zaure da 'yar na'urar gem ɗin marigayin, tana buga tsohon wasan nan na tare ƙwallon ƙarfe da 'yan sanduna biyu kada ta faɗa rami.

Ƙwallon ta faɗa. Allon maki ya fito, sunan Ikrima a sama.

Barau ya kau da kai. "Malama, ba zan turo magabatana ba sai kin goge sunan nan."

Ta dube shi ido cikin ido. "Sau uku ina gab da wuce makinsa, na saki ƙwallon da gangan. Ba zan goge ba, Malam Barau."

"To ni ina matsayina?"

"In kana so ya sauka, ka wuce shi da hannunka."

Ya dubi na'urar. "Ai ban iya ba."

"Shi ma da can bai iya ba."

Ta matsa gefen tabarma, ta ajiye na'urar a gabansa.