Baƙi Sun Sa Baki

Kai da kake cewa kalma ɗaya ba ta ɗaure mutum, zauna ka ji wannan. A wata ƙasa an yi wani editan jarida, mutum mai gaskiya, sai dai Allah ya yi shi da gudun ɓacin ran jama'a. Irin mutanen nan ne da ko taka su ka yi, su za su ba ka haƙuri. Bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa, gari yana ta shagali, sai wani tafinta ya shigo ofishinsa ya tura ƙofa da kansa. Ya ce wasu baƙi ne daga ƙetaren teku, masu kwaɗayin ma'adinan da ke ƙarƙashin duwatsun ƙasar, suka ɗauke shi aiki. Su ke ƙirƙiro ƙarya da harshensu, shi ke juya ta zuwa harshen gida, a kwaikwayi muryar ɗan takarar da ba sa so, a watsa a wayoyin mutane. Har tsofaffi a ƙauye sun rantse da kunnensu suka ji mutumin yana zagin addininsu, alhali bai taɓa faɗa ba, a haka ya sha kaye. Tafintan ya ce tun ranar zaɓen barci ya ƙaurace wa idonsa, ya yarda a buga da sunansa. Abu ɗaya kawai ya roƙa, a kira abin da sunansa, domin in jarida ta tsaya a bayansa ba mai cewa shi kaɗai ya yi mafarkinsa. Editan ya bi diddigi, ya tarar ba ƙarya ko ɗaya. Ya rubuta kanun labarin da hannunsa: baƙi sun sace zaɓe.

Da aka zauna taron editoci sai gardama ta kaure. Mataimakinsa, wanda gwaninsa ne ya ci, ya ce tabbatar da sata aikin alƙali ne, a rubuta katsalandan. Lauyan jaridar ya ce katsalandan ma ta yi nauyi, baƙin nan ba a ja da su, a ce sun tsoma baki. Wata edita, wadda gwaninta ya faɗi, ta daki tebur ta ce ana ga yaƙi suna ga ƙura, in ba za a rubuta sata ba to a cire sunanta. Ta ɗauki jakarta ta fice, da fitarta kuwa editan ya rasa mai goya masa baya. Aka ɗage bugawa, aka sake zama, aka kuma ɗagewa. Kowane zama sai an yanke wani sakin layi, yau a ce wannan ba shi da shaidu biyu, gobe a ce wancan zai tunzura jama'a, har labarin ya koma kamar kazar da aka fige. Aka rantsar da sabon shugaba suna nan suna auna kalmomi. Daga ƙarshe mai jaridar ya aiko cewa tsoma ɗin nan ma akwai warin zargi a jikinta. Editan ya gaji, kansa yana sarawa, ya ce a ransa da babu gara ba daɗi, kuma ai tsoma da sa duk ɗaya ne. Wallahi ya san ba ɗaya ba ne. Kowa ya san mai tsoma baki ɗan shisshigi ne, mai sa baki kuwa dattijo ne da ke raba faɗa. Amma ya soke kalmar, jarida ta fito da manyan haruffa: baƙi sun sa baki a zaɓe.

Ba a daɗe ba aka kama tafintan da laifin ɓata suna da neman ta da fitina. Editan ya je kotu ya raɓe a bencin baya. Lauyan gwamnati ya ɗaga jaridar sama ya ce, "Ranka ya daɗe, ga jaridar da shi kansa ya kai wa labarin. Cewa ta yi baƙi sun sa baki. To, wa ke sa baki in ba mai son sulhu ba? Godiya ta kamace su, shi kuma sai ya saka musu da sharri." Aka kwashe da dariya. Tafintan ya juyo yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya gano editan, ya ce, "Malam, abin da na faɗa maka ke nan?" Editan ya sunkuyar da kai. Aka yanke wa mutumin ɗauri mai tsawo, manyan motoci suka fara jigilar duwatsu zuwa bakin teku, masu rubuta littattafan makaranta kuwa suka kwafe kanun nan yadda suke, a matsayin shaidar cewa abokan arziki ne suka kashe wutar rikici a shekarar.

Editan ya daɗe yana binciken wanda baƙin suka saya a gidan jaridar. Ya zargi mataimakinsa, ya zargi lauya, ya zargi mai jarida. Abin da ya karya masa zuciya shi ne bai sami ko ɗaya ba. Ba wanda aka ba ko goro. Baƙin ba su taɓa taka ƙofar ofishin ba, ba su ma san sunansa ba, kuma kalmar da ta wanke su ta rufe tafintan a kurkuku, da alƙalaminsa aka rubuta ta. Magabata ba su faɗi banza ba da suka ce da ɗan gari akan ci gari.