Garkuwar da ke Bayan Rigarsa

Wata la'asar a unguwar Bab Makka, can ƙasa mai tsarki, ina riƙe da hannun Baba, sai wani ƙaton babur ya tsaya a gabanmu. A bayan rigar fatar mai babur ɗin an ɗinka mikiya da garkuwa. Na kai hannu na shafa.

Ya waigo yana dariya, ya ce tambarin ƙungiyarsu ne, ta 'yan sanda masu sha'awar babur. "Mikiya tana hango nesa. Garkuwa kuma ta kare mutane ce."

Na ce, "Har da mu?"

"Har da ku mana!"

Baba, wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta daɗe da ƙarewa, ya matse min yatsu. "Yalla, mu tafi."

Har yau na rasa wanne zan gaskata, bakin mutumin nan ko gumin da na ji a tafin hannun Baba.