Hawa Goma Sha Huɗu

Lif ɗin gidan yana tsakanin ƙasa da bene, tana ciki, aka ɗauke wuta.

Minti biyu kafin nan, ruwan kogin Brisbane yana lasar tayoyin kekenta na guragu, uwarta tana leƙowa daga sama.

"Kar ki shiga, 'yar nan. Jira maƙwabta su zo su ɗauke ki."

"Mama, shekara uku ba wanda ya ɗauke ni kamar buhu. Ba yau za a fara ba."

Ita ce lauyar gidan. Ita ta karanta musu takardar gargaɗi ranar da aka kafa lif ɗin: ba a shiga lokacin ambaliya, domin da zarar wuta ta ɗauke, batir zai sauko da shi ƙasa don kada mutum ya maƙale.

Ya kuwa cika alkawarinsa. Ta danna maɓallin sama har yatsanta ya yi zafi, shi kuwa yana sauka a hankali. Jan ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya rufe ƙafafun da ba sa jin sanyinsa. Sai kallo.

Ƙofa ta buɗe. Babu maƙwabta. Uwarta ce tsaye cikin ruwa, mai shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa, riƙe da zanin gado. Ta juya mata baya ta rusuna.

"Hau, lauya. Hawa goma sha huɗu ne kacal. Na sha goya ki a kansu."

Ta miƙa hannuwa ta rungumi wuyan tsohuwar.