Kunnen Baba Kure

Baba Kure bai taɓa faɗin ciwon mota ba sai ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. Ya rufe ido, ya yi tsit, sannan ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta kalma guda da Latin ɗin da Fada ya koya musu a makarantar mishan. Stridor, kukan bel. Crepitus, ƙas-ƙas ɗin ƙarfen da ya gaji. Sibilus, hucin iska ta wata kafa. Duk Ras Al Khor, unguwar masu motoci a can ƙasar Larabawa, an san kunnensa.

Amma ya haura sittin, bizarsa saura kwana tara. Alhaji Ɗalhatu, mai garejin, ya riga ya sayo na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.

Ranar Talata Issoufou, babban mai sayen motocin Alhaji, ya shigo a fusace. Jif ɗin da aka loda masa a kwantena ta isa Yamai tana wani kuka.

Kure ya zuba wa bakin Alhaji ido, kamar yadda yake yi wa duk mai magana. Mutane sun ɗauka ladabi ne.

"Baba, na'ura ba za ta je Yamai ba," in ji Alhaji. "Faɗi ciwon, in sabunta maka biza. In ba haka ba, khalas, sai gida."

"Ina motar, ranka ya daɗe?"

Issoufou ya miƙa masa waya. "Ga ta nan, mon vieux, tsohona. Direbana ya ɗauko kukan. Yalla, yi sauri."

Kure ya kara wayar a kunne, ya rufe ido. Ya mayar da ita ɗaya kunnen. Ya matse ta a tafin hannu har jijiyoyinsa suka tashi, amma abin da ya iso fatarsa bai kai motsin fiffiken sauro ba. Ya tuna Clara, matarsa, can gida a Kagoro, da marayun jikokinsu uku da ke ci daga wannan biza.

"Ku ɗan ƙara mini lokaci," ya ce. "Ina saurare."

Da ya buɗe ido, ya ga suna kallon juna.

"Baba," in ji Alhaji, "ai kukan ya ƙare tun ɗazu."

Kure ya ajiye wayar a hankali. Ya buɗe littafin, ya rubuta kalmar da bai taɓa yarda ta shiga cikinsa ba: silentium, shiru.

Shekara huɗu ke nan kunnuwansa ba su ji komai ba, tafin hannunsa ne ke saurare.